Yadda Ake Ɗinka Bargon Hunturu da Ƙyallayen Tela

A makonnin da ke gabanin ƙaramar Sallah da babba, da wuya a sami shagon tela a Katsina wanda ba ya tara ƙyallayen atamfa da shadda da yadi har su cika buhu, kuma mafi yawansu a bola suke ƙarewa, ko a ƙone su, ko a cusa su cikin matashin kai. Daga wannan tarin ana iya fitar da bargo mai ɗumi wanda zai yi shekaru yana aiki, musamman a garin da sanyin dare yakan sauka ƙasa da digiri 15 a watannin Disamba da Janairu. Aikin ba ya cin jari mai yawa, amma yana son natsuwa wajen zaɓen ƙyalle da awo da yanka, domin a nan ake samun bargon kirki ko a rasa shi, tun allura ba ta taɓa yadi ba.

Bargon hawa uku ne. Akwai fuska, wadda ake haɗawa da ƙananan ƙyallaye, akwai ciko a tsakiya, sannan akwai shafi a ƙasa, sai a bi dukkan ukun da ɗinki ya ratsa su ya riƙe su wuri guda. Ɗumin yana zuwa ne daga iskar da ke maƙale cikin cikon, shi ya sa bargo marar nauyi yakan fi tarin zannuwa tsare sanyi. Wanda ya taɓa tsayawa kallon 'yan lifidi a Hawan Sallah na Katsina ko a Sallar Gani ta Daura ya riga ya ga wannan fasaha a jikin doki da mahayinsa, domin lifidi yadi ne biyu da aka dankara wa auduga a tsakani aka bi da ɗinki layi-layi, ta yadda kibiya ba ta samun hanyar wucewa cikin sauƙi. Tarihin Kano ya danganta shigo da lifidi ga Sarki Kananeji, wanda aka ƙiyasta ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, ke nan allurar ƙasar Hausa ta daɗe da sanin yadda ake kama auduga tsakanin yadi biyu. Abin da mai bargo zai ara daga lifidi shi ne kusancin ɗinki, kuma za a zo kansa.

Matakin farko shi ne tance ƙyallayen, kuma a nan ya kamata a cire tausayi. Abin da ake so shi ne yadin auduga mai matsakaicin kauri, wato atamfa da yadin maza na auduga da zanen gado. Leshi da shifon da duk wani yadi mai talewa a ware su gefe, domin ba sa tsayawa a awo, kuma ciko yana leƙowa ta ramukan leshi. Shadda tana shiga, amma sai an wanke ta sitacinta ya fita, in ba haka ba allura tana shan wuya kuma tana barin huda a jikinta. Atamfar roba ta yi yawa a kasuwa yanzu, kuma ido ba ya rarrabe ta a kullum, don haka a yanki ɗan siriri a kusanta shi da wutar ashana a wurin da babu abin da zai kama. Auduga tana ci da wuta, tana warin takarda, tana barin toka mai laushi da ke marmashewa a yatsa, ita kuwa roba narkewa take yi ta dunƙule ta yi tauri. A gidan da ake kwana da kaskon garwashi a ɗaki lokacin hunturu wannan bambanci ba ƙarami ba ne, domin yadin da ke narkewa yana manne wa fata.

Haka kuma kada a haɗa sabon ƙyalle da tsohon zanen da ya sha wanki a fuska guda, domin tsohon zai riga sabon mutuwa, a wayi gari bargo yana da ramuka alhali rabinsa bai tsufa ba. Tsohon zane yana da nasa wurin a ciki. Ana gane wanda ya gaji idan aka ɗaga shi ga haske aka ga rana tana ratsa shi, ko aka ja shi da hannu biyu aka ji zarensa yana saki. Ita ma atamfar siyasa mai ɗauke da fuskar ɗan takara, wadda ba a rasa ta a ƙasan akwati bayan kowane zaɓe, a ganina ciki ya fi dacewa da ita, inda za ta yi aikin ɗumi ba tare da ta jawo gardama a ɗaki ba. Wanda yake son launi ɗaya mai yawa ya nemi telan mata bayan an yi biki, domin ankon biki yana barin ƙyallaye iri ɗaya masu tarin yawa, kuma irin wannan shi ke ɗaure fuskar bargo ta zama abu guda. Kyautatawa ce a sanar da tela tun da wuri ya riƙa ware na auduga a leda, a kuma ba yaran shago wani abu.

Bayan tancewa sai wanki, kuma kowane ƙyalle sai ya shiga ruwa kafin almakashi ya taɓa shi. Dalili na farko shi ne sabon yadin auduga yana tsukewa a wankin farko, kuma kowane iri da gwargwadon tsukewarsa, saboda haka idan aka haɗa su ba a wanke ba, ranar da bargon ya sha ruwa zai tattare ta wani gefe ya saki ta wani. Dalili na biyu shi ne zuba. Ja da baƙi da shuɗi mai duhu, da duk abin da ya fito daga marina, a jiƙa su daban a ruwan ɗumi, a yi ta sauya ruwan har ya fito fari. Mutane da yawa sun yarda gishiri yana tsayar da zuba, amma rinin da aka riga aka gama a masaƙa gishiri ba ya kama shi, wanki ne kawai ke fitar da rarar launin. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a ɗora farin ƙyalle mai laima a kan wanda ake shakka, a danna da dutsen guga mai zafi, idan farin ya ɗauki launi, to wannan ƙyallen bai shirya ba, kuma idan ya ƙi dainawa a haƙura da shi. A shanya a inuwa, a goge tun da sauran laima.

Yanzu sai lissafi, wanda tef ɗin tela mai inci ya wadatar a kansa. Ga mai farawa babu abin da ya kai murabba'i sauƙi, wato ƙyalle mai kusurwa huɗu da tsawonsa da faɗinsa suka zo daidai. Idan aka yanka shi inci 5, ɗinki zai ci kwatan inci a kowane gefe, sai ya rage inci 4½ a fuskar bargo. Katifa mai ƙafa 4½ da ƙafa 6 tana da faɗin inci 54 da tsawon inci 72, kuma idan ana son bargon ya sauko da inci 9 a gefe biyu da wajen ƙafa, zai zama inci 72 da inci 81. Wannan yana nufin murabba'i 16 a kowane layi, layi 18, jimla 288. Yadi ɗaya na atamfa yana ba da kimanin 56, don haka fuskar duka tana cin abin da ya kusa turmi guda na yadi shida. Shawarata ita ce kada a fara da wannan. A fara da na yaro mai inci 36 da 45, murabba'i 8 a layi 10, jimla 80, wanda ake iya kammalawa kafin sha'awa ta huce, kuma duk darasin da ke cikin babban yana cikinsa.

A yanki kwali mai tauri daidai inci 5, a tabbatar kusurwoyinsa sun miƙe ta hanyar gwada su da kusurwar littafi ko ta tayil, domin duk karkatar da ke jikin kwalin za ta maimaitu sau 288. Bakin kwali yana cinyewa da yawan zane, don haka a yanka guda uku ko huɗu tun farko, ko a yi amfani da murfin roba mai faɗi. Ana zanawa a bayan ƙyallen da fensir mai tsini, a kan mai duhu kuwa da alli ko siririn ɓarɓashin sabulu. Biro ba ya fita, a bar shi. Muhimmin abu shi ne gefen kwalin ya bi zaren yadin, tsaye da kwance, domin ƙyallen da aka yanka a karkace yana talewa a ƙarƙashin keke ya fita daga siffarsa. Bakin atamfa mai rubutun kamfani a yanke shi a yar, saƙarsa ta fi sauran tsauri kuma yana janye ɗinki. Kada a tara fiye da hawa biyu ko uku a almakashi, na ƙasa yana zamewa.

Idan an gama yanka sai a share ɗaki, a shimfiɗa zanen gado, a jera murabba'an a kai kamar yadda ake son su fito. Mutane sukan damu da wane launi zai zauna kusa da wane, alhali abin da ido ke fara gani daga nesa shi ne haske da duhu. Atamfa tana da hayaniya, kuma idan aka jera mai hayaniya kusa da mai hayaniya har ƙarshen bargo, zanen kowacce zai ɓace. Maganin wannan shi ne a raba su da yadi marar zane, ɗaya mai fure ɗaya lami, ko a haɗa tara-tara, biyar masu duhu a kusurwoyi da tsakiya, huɗu masu haske a tsakaninsu. A ɗauki hoton jerin da waya a mayar da shi fari da baƙi, nan take za a ga inda duhu ya taru wuri ɗaya. Ba dole ba ne komai ya zo a tsare. Matan Gee's Bend, wani ƙauyen baƙaƙen fata a jihar Alabama ta Amurka, sun yi suna da bargunan da suke haɗawa da tsofaffin tufafin aiki ba tare da bin tsari ɗaya ba, har aka baje kolinsu a gidajen adana kayan fasaha na Houston da New York a 2002. Sai dai 'yancin da ke cikin launi bai shafi awo ba, ko wane irin jeri aka zaɓa, bargon sai ya kwanta lafiya a kan gado.

Wajen haɗawa, a kife ƙyalle biyu fuska da fuska a ɗinke da kwatan inci daga baki. Wannan kwatan incin shi ne ruhin aikin. Layi mai murabba'i 16 yana da ɗinki 15, kuma idan kowane ɗinki ya zarce da milimita ɗaya tak, yana cin milimita biyu ke nan domin ƙyalle biyu ya kama, sai layin ya gajarta da santimita 3, fiye da inci guda. Layin da ke biye idan ya zo daidai ba za su haɗu ba, sai a fara ja da cusawa, daga nan kumburi ya samu. Hanya mai sauƙi ita ce a auna kwatan inci daga allurar keke a manna salatif a kan farantin, a riƙa bin bakinsa. A keken ƙafa irin Butterfly ko Singer, allura mai lamba 14 da taku 12 a kowane inci sun dace da atamfa. Ba sai an yanke zare bayan kowane biyu ba, a riƙa tura su ɗaya bayan ɗaya su fito a sarƙe, daga baya a raba, wannan yana rage ɓarnar zare da lokaci. Wanda ba shi da keke ya zana layin ɗinkin da fensir ya bi da hannu da ƙananan taku, yana komawa baya taku ɗaya bayan kowane huɗu ko biyar domin ƙarfi.

Guga tana tafiya tare da ɗinki, ba a barin ta sai ƙarshe. Kowane layi da aka gama, a kwantar da bakunan ɗinkinsa gefe guda, layi na farko zuwa dama, na biyu zuwa hagu, haka har ƙarshe. Amfanin wannan yana bayyana lokacin haɗa layi da layi, domin bakunan suna cin karo su kulle juna, kusurwoyi huɗu su haɗu a ɗigo ɗaya, kuma kauri ba ya taruwa a wuri guda. A soka fil a kowace mahaɗa kafin a hau keke. Dutsen guga kuma dannawa ake yi a ɗaga, ba a jan sa, domin ja yana tale ƙyalle. Mai amfani da na gawayi ya goge gindinsa da tsumma kafin ya kusanci fari.

Gaskiyar buhun tela ita ce mafi yawan abin da ke ciki ba ya isa murabba'in inci 5. Akwai dogayen siraran da suka rage daga gefen zane, akwai masu lanƙwasa da suka fito daga wuya da hammata. Waɗannan ba asara ba ne, kuma a wurina su ne suka fi daɗin aiki. A yanki tsohon zane murabba'i mai inci 9½ ya zama gindi, a ɗora siriri ɗaya a tsakiyarsa daga kusurwa zuwa kusurwa fuskarsa a sama, a kife na biyu a kansa a ɗinke su tare da gindin, a buɗe na biyun a goge, a kife na uku a kansa, haka har gindin ya rufe ta ɓangarorin biyu. Sai a juya a datse abin da ya zarce daidai da bakin gindin. Tsohon zanen yana riƙe komai, saboda haka ko ƙyallen da aka yanka a karkace ba ya samun damar talewa, kuma siraran ba sai faɗinsu ya zo daidai ba. Idan aka haɗa irin waɗannan guda huɗu ana juya su, sai zanen lu'ulu'u ya fito da kansa. Wanda ya san luru da gwado, ko ya lura da yadda ake jera ƙwaryar saƙi gefe da gefe a fitar da babbar riga, zai ga idonsa ya riga ya saba da wannan ratsi-ratsi. Kowane ɗaya yana komawa inci 9 bayan ɗinki, daidai da murabba'i biyu na farko, don haka ana iya cakuɗa su a bargo guda.

Ciko shi ne abin da ya fi raba ra'ayin masu wannan aiki. Mafi sauƙi shi ne tsohon bargo marar kauri ko zannuwa biyu zuwa uku da suka tsufa, waɗanda ba sa motsi kuma suna jure wanki. Haka matan Bengal, a Bangaladash da gabashin Indiya, suke yin kanta, su jera tsofaffin sari su bi da ƙananan taku har su zama abu ɗaya. Sai kuma faiba ta roba da ake sayarwa a shimfiɗe wurin masu kayan katifa da kujeru, wadda ba ta da nauyi kuma tana bushewa da wuri, amma tana sa gumi, kuma mai kaurinta tana wahalar da allura. Audugar gona ita ce ta fi daɗin jiki, kuma jihar da ke da Funtuwa da Malumfashi da Bakori ba ta rasa ta bayan kaka, sai dai tana son aiki. Dole a gurje ta sarai, domin guryar da ta saura tana fitar da mai ya ɓata fuskar bargo, kuma tana gayyato ɓera. Sannan a shiɓe ta da bakan shiɓa har ta tashi, a shimfiɗa ta siriri-siriri a kan shafi, hawa na biyu ya gicciye na farko, ana tattaɓawa da tafin hannu ana cike inda ya yi rami. Audugar rimi kuwa a bar wa matashin kai, domin silɓi gare ta, tana gudu ta taru a kusurwa, kuma ba ta son wanki.

Shafi ya fi fuska girma da kamar inci 4 a kowane gefe, haka ma cikon, domin ɗinki yana janye su. Ga babban bargon, atamfa yadi 5 da aka raba biyu aka haɗa a tsaye ta isa, ko zanen gado mai laushi wanda saƙarsa ba ta yi matsi ba. A shimfiɗa shafin a kan siminti mai tsabta fuskarsa a ƙasa, a miƙar da shi ba tare da an ja shi ba, a danne gefunan da salatif ko wani abu mai nauyi. A ɗora ciko, a ɗora fuska, a lallashe daga tsakiya zuwa baki. Daga nan a kama hawa ukun da ɗinkin wucin gadi, dogayen taku da farin zare, daga tsakiya zuwa gefuna huɗu da kusurwoyi huɗu, sannan layi-layi da tazarar faɗin tafin hannu. Wannan mataki yana cin gwiwa da baya, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa, amma duk tattarar da aka gani a bayan bargo daga nan ta samo asali. Farin zare ake so domin mai launi yakan bar tabo idan aka zare shi.

Ɗinkin da zai zauna ana fara shi ne daga tsakiya a nufi baki, domin duk rarar yadi ta gudu waje. Tazarar layukan ta dogara ga cikon. Audugar da aka shiɓe da hannu ba ta da abin da ke riƙe ta sai ɗinki, don haka kada tazarar ta wuce inci 2, in ba haka ba wankin farko zai mayar da ita curi-curi kamar tuwon da bai tuƙu ba, kuma babu gyara sai an farke. Ga tsohon bargo ko faiba, inci 4 ya wadatar. Layi mafi sauƙi shi ne wanda ya ratsa kowane murabba'i daga kusurwa zuwa kusurwa, domin ido yana iya bin sa ba tare da zane ba, kuma yana kauce wa kaurin mahaɗa in ban da a kusurwoyi.

A yanki zare mai ƙwari tsawon kamu ɗaya, kada ya fi haka, domin dogon zare yana ƙullewa kuma yana lalacewa da yawan ratsa yadi. A goga shi a kakin zuma ya yi santsi. A ƙulla ƙaramin ƙulli a ƙarshensa, a soka allura ta fuska kamar inci ɗaya daga inda za a fara, ta bi ta cikin ciko kawai ta fito a wurin farawa, sannan a fizga a hankali har ƙullin ya faɗa ciki ya ɓace. Hannu ɗaya yana sama yana tura allura, ɗayan yana ƙasa yana jin tsininta, kuma sai yatsan ƙasa ya ji ta kafin a mayar da ita sama, domin wannan ne shaidar ta ratsa hawa uku. Ana iya ɗora taku biyu ko uku a kan allura kafin a ja. Taku huɗu zuwa shida a inci ya isa, kuma daidaituwarsu ta fi ƙanƙantarsu muhimmanci, domin manyan taku da suka zo kai ɗaya sun fi ƙanana masu hawa da sauka kyan gani. Kada a ja zaren har yadi ya tattare, a ja shi daidai yadda zai ɗan nutse. Yatsan da ke tura allura yana bukatar kariya ta ƙarfe ko ta fata, kuma dukawa suna iya ɗinka ta fata daidai yatsa. Aikin ya fi sauri idan mutum biyu ko uku suka zauna a tabarma kowa ya kama ɓangarensa daga tsakiya, da sharaɗin a daidaita tsawon taku tun farko. Hasken hantsi ya fi na fitila, musamman a kan yadi mai duhu.

Ana iya yin wannan ɗinki da keke, amma keken ƙafa yana jan hawan ƙasa fiye da na sama, don haka a sassauta dannin ƙafar keken ta sukurun da ke samansa, a sa allura mai lamba 16, a tsawaita taku zuwa 8 a inci, a nannaɗe rabin bargon domin ya shiga ƙarƙashin hannun keken. Mai gaggawa kuma yana iya ɗaurewa kawai, wato ya soka zare mai kauri a kowace mahaɗa ya fito da shi ya ƙulla sau biyu ya datse, amma wannan ba ya yi da audugar shiɓa, kuma ba na son sa a bargon ƙananan yara domin suna tsinkar ƙullin su kai baki. Wanda aka ɗinka domin kyautar suna ya fi dacewa a shimfiɗa wa jariri a ƙasa, kada a lulluɓe shi da shi lokacin barci, domin abin rufa mai nauyi yana iya toshe masa numfashi.

Idan ɗinki ya kammala, a zare na wucin gadi, a datse ciko da shafi daidai da fuska, a duba kusurwoyi da kwalin nan. Saura baki. Hanya mai sauri ita ce tun wajen datsewa a bar inci ɗaya na shafi, a naɗo shi sau biyu zuwa fuska a yi kalmasa. Amma baki shi ke fara cinyewa a kowane bargo, don haka na fi son a yi masa nasa daban mai ninki biyu. A yanki sirara masu faɗin inci 2½ daga baki zuwa bakin atamfa, guda takwas ga babban bargon, wanda kewayensa inci 306 ne, a haɗa su a karkace domin kada mahaɗar ta yi ƙulli, a ninka a tsaye a goge. A ɗora ɗanyen bakinsa a kan ɗanyen bakin bargon ta fuska, a fara daga tsakiyar gefe ɗaya, a ɗinke da kwatan inci. Idan an kusa kusurwa a tsaya saura kwatan inci, a ɗaga siririn sama ya yi karkata, a sauko da shi ya bi gefe na gaba, a ci gaba. Bayan an zagayo, a naɗa shi zuwa baya a kama da hannu da ƙananan taku da ba sa fitowa ta fuska. Launi mai duhu ya fi dacewa a nan domin shi ke shan datti.

Wankin bargo sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa, a babban baho da ruwan sanyi da sabulu marar ƙarfi, ana dannawa ba a murɗawa. Jiƙaƙƙen bargo yana da nauyin da zai iya tsinka ɗinki idan aka rataye shi a igiya ɗaya, don haka a shimfiɗa shi a kan tabarma ko a ɗora shi a kan igiya biyu, bayansa yana kallon rana domin kada launin fuska ya koɗe. Idan zafi ya shigo a watan Maris, a tabbatar ya bushe ƙarau kafin a ajiye, a naɗe shi cikin tsohon zane maimakon leda, wadda ke riƙe laima har ya yi fumfuna da damina, a kuma ɗaga shi daga ƙasa saboda gara. Ranar da wani murabba'i ya mutu, ba a farke shi. A yanki sabon ƙyalle da aka wanke mai inci 5, a lanƙwasa bakunansa da kwatan inci a goge, a ɗora shi a kan tsohon a kama gefunansa da hannu, sannan a maimaita layin ɗinkin da ya ratsa wurin ta cikin hawa duka.